Asibiti ba magani, akan me gwamnati za ta zuba kuɗi a bincike?

Wani ɗan'uwa ya tambaya cewa, asibitocin gwamnati ba magani, ba isassun likitoci, to akan me za a ɗebi kuɗin jama'a a ba masu bincike, me zai hana a bar manyan ƙasashe su yi binciken mu kuma mu sayi abin da suka gano?

Malam tambayar nan taka tana kan hanya, kuma ba kai kaɗai ke yinta ba, ni da nake aikin binciken lafiyar al'umma na sha jinta daga bakin likitoci da ma'aikatan jinya ma. Rabinta na yarda da kai, zan zo kan wannan daga baya. Amma ɗaya rabin, wato a jira wasu su gano mu saya, nan ne nake so mu ɗan zauna, saboda akwai abin da in ba kai ka biya aka bincika maka ba to babu kasuwar da za ka same shi, ko da kuɗin na hannunka.

Akwai wani gwaji da aka yi a asibitocin Uganda da Kenya da Tanzaniya, ana ce masa FEAST, sakamakonsa ya fito a 2011. Shekara da shekaru abin da ake koya wa likitoci shi ne in an kawo yaro da zazzaɓi mai tsanani, jikinsa ya saki, jini baya zagayawa yadda ya kamata, to a yi maza a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya cikin ɗan lokaci. Haka yake a littafi, haka ake yi a Turai da Amurka, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Su kansu masu gwajin tsammaninsu za su tabbatar da amfanin abin ne don a yaɗa shi. Aka sa yara sama da 3,000, wasu aka yi musu wannan ƙarin ruwa na gaggawa, wasu kuma aka bar su da ruwan da ake ba su a hankali. Sai ga shi cikin awa 48 waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri su suka fi mutuwa, kashi 10 da ɗoriya cikin ɗari, ɗaya ɓangaren kuma kashi 7 da ɗoriya. Dole aka tsayar da gwajin tun bai kai ƙarshe ba. Kar wani ya fahimce ni a baibai fa, wannan bai shafi yaro mai amai da gudawa ba, shi ruwa ne maganinsa, ba a ma sa irinsu a gwajin ba. Abin lura shi ne fiye da rabin yaran can maleriya ce a jikinsu, da yawa jininsu ya yi ƙasa sosai, kuma asibitocin ba su da na'urar taimakon numfashi, kenan ba irin yaran da aka rubuta littafin a kansu bane. Da an ce a sayo ilimin kawai a yi aiki da shi, da an yi ta binne yara ana ganin taimako ake yi.

To wa ya biya kuɗin wannan gwajin? Hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Birtaniya. Allah ya saka musu, amma ka tambayi kanka, in da a shekarar hankalinsu na wani wajen fa?

Matsalar kenan. Duk wanda ya kawo kuɗin shi yake zaɓen tambayar da za a bincika, kuma ba mugunta bace, kowace gwamnati mutanenta take fara dubawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1990 wani kwamiti na duniya kan binciken lafiya ya yi lissafi ya ga wajen kashi 5 cikin ɗari kawai na kuɗin binciken lafiya ake kashewa kan matsalolin ƙasashe masu tasowa, alhali sama da kashi 90 na mace-macen da za a iya kaucewa a can suke. Wasu masana kuma suka ƙirga sabbin magungunan da suka shigo kasuwa daga 1975 zuwa 1999, guda 1,393, a ciki 16 ne kacal na cututtukan ƙasashe masu zafi da tarin fuka. An samu ci gaba daga lokacin, ban musa ba, amma har yau je ka duba irin su saran maciji ko sikila ko zazzaɓin Lassa ka kwatanta da yawan mutanen da suke kashewa, za ka ga tazarar na nan.

Wani zai ce to kamfanonin magani fa, ai sana'arsu ce. Kamfani riba yake nema, kuma ba laifi bane, sai dai akwai tambayoyin da ba zai taɓa sa kwabonsa a kansu ba don amsar ba ta sayuwa. Misali lokacin korona, gwajin RECOVERY da aka yi a Birtaniya a 2020. Sun gwada wani tsohon magani mai arha, dexamethasone, wanda kowane kamfani zai iya yi don ba wanda ke da haƙƙin mallakarsa, suka gano yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya bisa uku, waɗanda ke kan iskar oksijin kuma ɗaya bisa biyar. Gwajin ne kuma ya nuna maganin hydroxychloroquine da aka yi ta yayatawa ba ya ceton wanda aka kwantar. Cikin wata uku da farawa suka fitar da wannan, asibitoci sama da 170 suka shiga. Ba wai a 2020 suka farka ba, tun 2006 gwamnatinsu ta kafa wata hukuma, NIHR, da take biyan ma'aikatan jinya na bincike a cikin asibitocin gwamnati, mutanen da aikinsu kenan su yi wa mara lafiya bayani, su karɓi yardarsa, su cike takardu. Da annobar ta zo mutanen na nan a wajen aikinsu ana biyansu albashi, waya kawai aka buga.

Ko Amurka da ake ganin komai ɗan kasuwa ne ke yi, ginshiƙin abin gwamnati ce. Hukumarsu ta binciken lafiya, NIH, tana samun wajen dala biliyan 47 a shekara, mafi yawansa jami'o'i ake rabawa. An taɓa bin diddigin sabbin magunguna 210 da aka amince da su a can daga 2010 zuwa 2016, aka ga babu ko ɗaya da binciken da NIH ta biya bai taɓa tushensa ba. Maganin maleriyar da muke sha yanzu ma, asalin sinadarin artemisinin, shirin gwamnatin Sin ne da aka fara a 1967 lokacin yaƙin Biyetnam saboda zazzaɓi na kayar da sojoji, a ciki wata masaniya, Tu Youyou, ta yi aikin da aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Wanda ya fi burge ni dai shi ne na sanƙarau. Waɗanda suka yi wayo a 1996 sun tuna, annobar ta kama mutum wajen 250,000 a yankin Sahel ta kashe wajen 25,000. Bayan nan aka tashi neman allurar rigakafi ta musamman ga nau'in da ke addabar yankin, gidauniyar Gates ta sa dala miliyan 70 a 2001. Da aka tuntuɓi jami'an lafiya na ƙasashen yankin sai suka ce in allurar ta wuce rabin dala kowace ɗaya to kar ma a fara, ba za mu iya saye ba. Wannan sharaɗin ne ya juya aikin gaba ɗaya, manyan kamfanoni suka ja baya, aka ɗauko fasahar haɗa allurar daga ɗakin gwaje-gwajen hukumar magunguna ta gwamnatin Amurka aka miƙa wa kamfanin alluran rigakafi na Serum Institute a Indiya, aka yi gwaji a Mali da Gambiya da Senegal da Ghana, a Disambar 2010 aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso. Wannan nau'in na sanƙarau kusan ya ɓace a inda aka yi allurar. Ka lura, an samu abin da ya dace ne don masu matsalar suna wajen da ake yanke shawara tun farko, kuma akwai cibiyoyi da ƙwararru a ƙasashen da za su iya gudanar da gwajin.

Yanzu nawa ake magana? Don mutane da sun ji bincike sai su ɗauka za a kwashe kuɗin magani ne. Shawarar kwamitin nan na 1990 ita ce kowace ƙasa ta ware kashi 2 cikin ɗari na abin da take kashewa a lafiya, masu ba da agaji kuma su ware kashi 5 na tallafinsu. Ministoci sun sake nanata wannan a taron Bamako a 2008. Biyu cikin ɗari fa, 98 na nan na albashi da magani da gini. Tarayyar Afirka kuma ta ɗora wa kanta kashi 1 na arzikin ƙasa a kan bincike kowane iri, amma har Afirka ta Kudu da take gaba-gaba ba ta kai ba, alhali Koriya ta Kudu tana kusan kashi 5. Alƙawari kam an sha yi, kamar dai na Abuja na 2001 da aka ce kashi 15 na kasafin kuɗi zai tafi lafiya.

Amma in ka tambaye ni, yawan kuɗin ba shi ne ya fi damuna ba, zuwansa a kan lokaci ne. Wallahi na gwammace a ba cibiya kuɗi kaɗan da ta tabbata zai shigo kowane wata uku har shekara goma, da a ba ta tsabar kuɗi mai yawa bana baɗi a manta da ita. Bari in nuna maka dalili. A lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, akwai firiza da ke riƙe sanyi 80 ƙasa da sifiri, a cikinta ake ajiye samfurin jini a 'yan ƙananan robobi, kowace da lambarta. Ka ɗauka ana bibiyar mata masu ciki ne har su haihu har yaran su shekara biyu, kowace roba a nan wata mata ce da ta yarda aka ɗebi jininta, ma'aikaci ya bi ta gida, an rubuta nauyin jaririnta. Wuta ta ɗauke, janareta ba mai saboda kuɗin wannan zangon ba a sake shi ba, firizar ta fara ƙara tana ƙyafta jar fitila, lambar da ke jikinta tana sauka daga 80 zuwa 60 zuwa 40, sanyin na raguwa. Kwana ɗaya biyu ya isa. Kuma ba a maimaitawa, matan sun riga sun haihu. Na ga irin wannan da idona a wata cibiya, babban mutum mai furfura ya tsaya gaban firiza ya rasa abin cewa. A takarda kuwa an ware wa cibiyar kuɗi a kasafin shekarar, an ma karanta a majalisa. Tsakanin an ware da an saki akwai tafiya mai nisa, wani lokacin sai watan ƙarshe na shekara a sako wani ɓangare a ce a kashe kafin a rufe asusu, sai a ruga a sayi mota da kujeru.

Haka ma mutane. Kafin ka samu mutum ɗaya da zai iya jagorantar gwajin magani da kansa, daga digirin farko zuwa digirin digirgir zuwa shekarun da zai yi a ƙarƙashin wani, ka ba shi shekara goma zuwa sha biyar. In ya gama ya dawo ba albashin kirki, ba ɗan kuɗin fara aiki, ba tabbacin shekara mai zuwa, tafiya zai yi, kuma ƙasar da bata kashe ko sisi a karatunsa ba ita za ta mora. Gwamnatoci sun fi son gini saboda ana yanka ƙyalle a ɗauki hoto, shi ya sa za ka ga na'ura mai tsadar gaske a rufe da leda shekara uku, ba sinadaran aiki, ba wanda aka koya wa gyaranta.

Akwai waɗanda suka magance wannan da doka. Jihar Sao Paulo a Brazil ta rubuta a kundin tsarin mulkinta cewa kashi 1 na harajin da jihar ta tara zai tafi kai tsaye ga gidauniyar bincike ta FAPESP, gwamna ya so ko bai so ba. Tailan kuma tun 2001 ta ɗora ƙarin kashi 2 a kan harajin taba da giya, kuɗin na shiga asusun inganta lafiya ba sai an bi ta kasafin shekara ba. Ni ina ganin duk ƙasar da take da gaske irin wannan ya kamata ta fara yi kafin ta gina sabuwar cibiya ko ɗaya.

Dogaro da masu agaji kuwa 2025 ta koya wa kowa darasi. Gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje a farkon shekarar, ayyukan bincike da dama a Afirka suka tsaya cak, musamman na cuta mai karya garkuwar jiki a Afirka ta Kudu, ma'aikata suka rasa aiki, mutanen da ke tsakiyar gwaji aka rasa yadda za a yi da su. Wannan fa ƙasar da masananta, tare da na Botswana, suka fara gano nau'in korona na Omicron suka sanar da duniya a Nuwambar 2021. Ƙwarewar na nan, amma kaso mai yawa na kuɗin da ke riƙe da ita na wasu ne.

Sai maganar yadda ake raba kuɗin, don in an samu ma ana iya ɓarnatar da shi. Hanyar da ta fi aiki ita ce ma'aikatar lafiya ta zauna da likitoci da masu bincike da wakilan marasa lafiya a fitar da jerin matsalolin da suka fi kashe mutane, a sanar a fili, kowa ya rubuto abin da zai yi da nawa zai ci, masana da ba su da alaƙa da mai nema su duba su ba da maki, a buga sunan wanda ya samu da adadin da aka ba shi. In aka bar shi a hannun wa ka sani, an gama. Tsarin gasar ma yana da nasa aibin, yana son abin da aka riga aka saba da shi. Katalin Kariko ta sha neman tallafi a kan mRNA, wato sinadarin da ke kai wa ƙwayoyin jiki saƙon abin da za su ƙera, ana hana ta, har rage mata matsayi aka yi a 1995, ita ce kuma aka ba Nobel a 2023 tare da Drew Weissman bayan aikinsu ya zama tushen allurar korona. Shi ya sa nake goyon bayan a keɓe wani ɗan kaso na matasa da na ra'ayoyin da ba a tabbatar za su yi nasara ba. Kuma dole a buga sakamako ko da ya nuna abin bai yi aiki ba, don kuɗin jama'a ne, kar wani ya sake kashewa a kan abu ɗaya.

Ɓangaren ƙirƙira shi ya fi wuya, wato daga lab zuwa hannun mara lafiya. Cibiyar binciken magunguna ta gwamnatin Najeriya, NIPRD, ta haɗa maganin sikila daga tsirrai a shekarun 1990, Niprisan, an yi gwaji, an yi masa rajistar mallaka, aka ba wani kamfani lasisin yinsa a farkon shekarun 2000, kamfanin ya durƙushe, maganin ya yi ta wahalar samuwa. Masu binciken sun yi nasu, abin da ke gaba ne ba a shirya masa ba. Kwatanta da Indiya, inda aka gano wani nau'in ƙwayar rota mai sa yara gudawa a wani asibitin gwamnati a Delhi a shekarun 1980, sashen gwamnati mai kula da fasahar halittu ya riƙe aikin tare da abokan hulɗa da kamfanin Bharat Biotech kusan shekara talatin, allurar Rotavac ta fito a kan kusan dala ɗaya, a 2016 gwamnati ta sa ta cikin rigakafin yara na ƙasa, wato ita ta zama babbar mai saye. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa. Kamfanin Aspen a Afirka ta Kudu ya shirya yin allurar korona, a 2022 ya fito ya ce ba wanda ya yi oda. Afirka na yin wajen kashi 1 ne na alluran da take amfani da su, an sa burin kashi 60 nan da 2040, to in gwamnatoci ba su yi alƙawarin saye a rubuce ba, kuma ba su ƙarfafa hukumomin da ke tantance ingancin magani ba, ba mai zuba jarinsa.

Inda na yarda da kai kuwa, ba kowace ƙasa ce za ta ce sai ta ƙirƙiro sabon maganin kansa ba, wannan a bar wa masu hali, a saya in ya fito. Ƙasar da kuɗinta kaɗan ne ta fara da binciken da zai amsa irin tambayarka. Me ya sa magani ke ƙarewa a asibitin karkara alhali yana jibge a sito har ya lalace? Maganin maleriyar da ake bayarwa har yanzu yana kashe ƙwayar ko ta fara jurewa? Wace ƙwayar cuta ce ta daina jin maganin da likitoci ke rubutawa? Mata nawa ke mutuwa wajen haihuwa kuma me ke kashe su? Irin wannan ba ya cin kuɗi sosai, kuma babu baƙon da zai zo ya yi maka shi duk shekara. Tailan ta kafa wata 'yar hukuma a 2007, HITAP, aikinta ta auna ko sabon magani ko na'ura ya cancanci kuɗinsa kafin a sa shi cikin inshorar lafiya ta ƙasa, kuma da alƙalumanta gwamnati ke zama ta yi ciniki da kamfanoni a rage farashi. Maganin kariya daga maleriya da ake ba yara wata-wata lokacin damina a Sahel, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, daga gwaje-gwajen Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya ya fito, da tsofaffin magunguna masu arha, abin da aka gano kawai shi ne yaushe za a bayar kuma ga wa.

In kana so ka san ko gwamnatinku da gaske take, kar ka tsaya a jawabin minista. Nemi kasafin ma'aikatar lafiya ka duba ko bincike na da layinsa na kansa, sannan ka nemi rahoton aiwatar da kasafin na ƙarshen shekara ka ga nawa aka saki a cikin abin da aka ware, kuma a wane wata. Sai ka duba a cikin wanda aka sakin nawa ya tafi gini da motoci da taron bita, nawa ya isa hannun mai riƙe da sirinji da takardar tambayoyi.